Ƙurajen Gaba da Mace Mai Ciki: Maganin da Ake Sha a Watan Haihuwa

Wannan jawabi ne da wata ungozomar asibiti, wadda ta daɗe tana aiki tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ta yi a wani taron Zumuntar Mata inda aka gayyaci mazaje su ma. Mun buga shi domin a karanta, a kuma tattauna a ikilisiyoyinmu na ƙauyuka.

  Na san waɗansu sun baro aikin fadama domin su zo nan, na gode.

Tun kafin in fara, ina roƙon gafara. Maganar yau ta shafi wurin da ba mu saba ambata ba a gaban jama'a, balle a gaban surukai. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyarmu ta sa mun yi asarar jarirai, saboda haka ku yi haƙuri da ni, zan faɗi abin yadda yake.

Abin da na gani da idona

Shekarun baya an kawo mini wata yarinya daga wani ƙauye a bayan Argungu, da jaririnta ɗan kwana 12 a hannu. Haihuwarta ta fari ke nan. Da na zauna da ita, sai ta ba ni labari. Tana cikin wata na tara, ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gaba. Ga zazzaɓi, ga kaluluwa, in za ta yi fitsari sai ta yi kuka. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Kunya ta hana ta faɗi, sai da uwar mijinta ta lura da tafiyarta. Aka dafa mata bagaruwa tana zama a ciki, maigidan ya sayo kafso a kemis. Kafin ƙurajen su gama bushewa naƙuda ta zo, ta haihu a gida lafiya. Aka yi suna, aka watse.

A rana ta 10 yaron ya ƙi kama nono. Suka ga ƙuraje uku ƙanana a kansa, suka ce ai askar wanzami ce. Suka jira kwana biyu. Da ya fara jijjiga ne aka nemi babur. Mun tura su babban asibiti nan take, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma yaron bai tashi ba.

Bayan shekara biyu ta dawo da wani cikin, yana wata huɗu. Ba ta jira na tambaye ta ba, ta ce, "Mama, abin nan yakan dawo mini lokaci lokaci." Muka rubuta a katinta. Da ta shiga wata na tara likita ya sa ta a kan magani. Ta haihu a asibiti, da kanta, ba tiyata. Yarinyar tana nan, har ta shiga makaranta.

Mace ɗaya ce, ciwo ɗaya ne. Me ya bambanta haihuwar fari da ta biyu? Amsar wannan ita ce jawabina na yau.

Wane irin ciwo ne wannan?

Likitoci suna kiransa hapis. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, irin waɗanda ake kira bairos. Iri biyu ce. Ta farko ita ce ke kawo ƙurajen nan da kan fito wa mutum a leɓe bayan ya yi zazzaɓi. Ta biyu ta fi zama a gaban mace ko na namiji, ana kuma ɗaukarta ta wurin saduwa. Amma kowace a cikinsu tana iya zama a sama ko a ƙasa, kowace kuma tana iya cutar da jariri.

Ga yadda yake bayyana. Wurin yakan fara ƙaiƙayi ko zogi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a tare. Su fashe, su zama miki mai raɗaɗi, daga baya su bushe. Fitowar farko ita ta fi tsanani, takan kai mako biyu zuwa uku. Bayan miki ya warke, ƙwayar ba ta fita daga jiki. Takan bi jijiya ta je ta kwanta kusa da ƙashin baya, kamar yadda kifin gaiwa ke kwanciya cikin laka da rani yana jiran ruwa. In jiki ya yi rauni, ko da zazzaɓi, ko gajiya, ko ciki, sai ta farka ta dawo. Dawowar ba ta kai ta farko zafi ba, takan wuce cikin 'yan kwanaki.

Ba ciwon mutane kaɗan ba ne. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da hapis na gaba, watau fiye da mutum ɗaya cikin biyar. Mata sun fi maza kamuwa da iri na biyu, a nahiyarmu ta Afirka kuma ya fi yawa. Yawancin masu ɗauke da shi ba su sani ba, domin ba su taɓa ganin ƙurji ba, ko kuwa sun gani sun ɗauka ƙurajen zafi ne. Mutum yana iya ba wani ko da babu ƙurji a jikinsa a ranar.

Ina so mazaje da surukai su riƙe wannan. Ganin ƙurajen nan a jikin mace yau ba shaida ba ce cewa ta ci amanar aure. Haka nan ga namiji. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru da yawa, tun kafin aure, ko tun daga auren fari. Mijin yarinyar da na ba ku labarinta bai san yana da ita ba. In gida ya zama wurin tuhuma, mace za ta rufe bakinta, jariri ne zai biya.

Ku kuma sani, ba kowane miki a gaba ne hapis ba. Tunjere ma yana kawo miki, amma nasa yawanci ba ya zafi, maganinsa kuwa allurar fenisilin ce. Shi ma yana kashe ɗa a ciki. Domin haka ake gwada jinin mai ciki a wurin awo. Mikin hapis kuma ƙofa ce ga ƙanjamau: mai ɗauke da iri na biyu ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa kusan sau uku. Duk mai miki a gaba, a duba ta, a gwada ta. Kada a yi mata magani da ka.

Me ya sa ƙarshen ciki ya fi haɗari?

Yawancin jariran da ke kamuwa, a lokacin haihuwa suke ɗauka, sa'ad da suke bi ta hanyar da ƙwayar take. Amma haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowace mace.

In mace ta daɗe da ciwon kafin ta ɗauki ciki, jikinta ya riga ya ƙera abin da zai yi faɗa da ƙwayar. Wannan garkuwa tana bi ta mahaifa ta shiga jinin ɗan da ke ciki. Ga irin wannan mace, haɗarin jariri ya kamu ƙarami ne, bai kai 1 cikin 100 ba.

In kuwa ta kamu a karo na farko dab da haihuwa, jikinta bai sami lokacin ƙera garkuwar ba, gama hakan yakan ɗauki makonni. Ƙwayar tana da yawa a hanya, ɗa kuma ba shi da kariya. A nan, cikin jarirai 100, tsakanin 30 zuwa 50 suna iya kamuwa.

Kun ga bambancin haihuwa biyun nan. A ta fari, sabon kamu ne a wata na tara. A ta biyu, ciwon ya tsufa a jikinta, garkuwa ta samu, magani kuma ya hana ƙurajen tashi a ranar naƙuda.

Kada wannan ya tsorata kowa. A duniya duka, an ƙiyasta jarirai kamar 10 ne cikin 100,000 ke kamuwa. Ba ya da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro. Amma in ya kama jariri ba a yi magani ba, fiye da rabi ba sa rayuwa, waɗansu da suka tsira kuma sukan tashi da lahani a ƙwaƙwalwa ko a ido.

Maganin

Sunansa asikulobir. A kan kwali za ku ga an rubuta Aciclovir ko Acyclovir. Ba sabon magani ba ne. An gano shi a Amurka a shekarar 1974, aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikinsa mace ce, Gertrude Elion, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 1988. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Yana da ɗan'uwa mai suna balasikulobir, wanda ake sha sau biyu a rana, amma ya fi tsada.

Aikinsa shi ne ya hana ƙwayar hayayyafa. Ba ya fitar da ita daga jiki. Har yau babu maganin da ke yin haka, na asibiti ko na gargajiya. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika ya ce zai wanke muku ita, kuɗinku yake so. Kafso kuwa, ko ja da rawaya ne ko wani, ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Ana ba mai ciki wannan magani ta hanya biyu.

Ta farko, in ƙurajen sun fito mata a karon farko, ko a wane wata ne. Ana ba ta ƙwaya mai miligiram 400, sau uku a rana, kwana 7 zuwa 10. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. In abin ya same ta a watanni ukun ƙarshe, likita yakan ce ta ci gaba da sha har ta haihu.

Ta biyu, domin rigakafi. Macen da aka san ƙurajen sukan fito mata, ana sa ta a kan miligiram 400, sau uku a rana, daga mako na 36 har ranar haihuwa, ko da babu ƙurji ko ɗaya a jikinta. Mako na 36 shi ne lokacin da wata takwas ya cika aka shiga na tara. A Ingila, tun 2024, masana sun ba da shawara a fara tun daga mako na 32. Likitan da ke duba ki shi zai faɗi ranar da za ki fara.

Bari mu yi lissafi. Daga mako na 36 zuwa na 40 kwana 28 ne. Sau uku a rana, ƙwaya 84 ke nan. In haihuwa ta jinkirta, za a ƙara. In wadda aka samu mai miligiram 200 ce, biyu biyu za a sha. Na faɗi wannan ne domin maigida ya san abin da zai tanada tun da wuri, kada a sha na mako ɗaya a tsaya.

Shin yana aiki? A shekarar 2008 masana suka tattara bincike 7 da aka yi a kan mata 1,249. Suka tarar matan da suka sha magani daga mako na 36, fitowar ƙuraje a ranar naƙuda ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Yawan tiyatar da ake yi saboda ƙurajen shi ma ya ragu kamar haka. Amma in gaya muku gaskiya, magani yana rage haɗari ne, bai kawar da shi duka ba. An taɓa samun jariran da suka kamu ko da yake uwa ta sha. Saboda haka shan magani bai ɗauke mana zuwa asibiti haihuwa ba, bai kuma ɗauke mana sa ido a kan jariri ba.

Na san tambayar da ke zuciyar iyayena mata: ba zai taɓa ɗan da ke ciki ba? Daidai ne a yi wannan tambaya, domin kullum muna ce muku kada mai ciki ta sha magani barkatai. An bi sawun matan da suka sha shi da ciki daga 1984 zuwa 1999, ba a ga ƙarin nakasa a 'ya'yansu ba. A 2010 aka buga wani bincike daga ƙasar Denmak a kan haihuwa fiye da 800,000, sakamakon ya zo daidai da na farko. Waɗansu mata sukan ji ɗan ciwon kai ko tashin zuciya. A riƙa shan ruwa sosai. Mai ciwon ƙoda ta faɗa wa likita kafin ta fara.

Abu uku kuma. Kada a saya ba tare da takardar likita ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kwali. Na shafawa kuma ba ya maye gurbin na sha. Domin rage raɗaɗi, mai ciki tana iya shan farasitamol, ta yi tsarki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ta bar wurin a bushe. Kada a sa toka, ko kanwa, ko man zafi, ko a cusa wani haɗi.

Ranar haihuwa

Macen da ke da wannan ciwo ta haihu a asibiti. Da isarta ta gaya wa ungozoma, ko da an rubuta a kati. Za mu duba ta da haske mai kyau. In babu ƙurji, babu ƙaiƙayi ko zogin da ke nuna yana tafe, za ta haihu da kanta kamar kowa.

In akwai ƙuraje a hanya sa'ad da naƙuda ta fara, likita zai duba ko tiyata ta fi. In kuwa sabon kamu ne a cikin makonni 6 na ƙarshe, tiyata ake ba da shawara, ko da miki ya bushe. Na san yadda muke jin tsoron kalmar nan. Waɗansu suna ganin macen da aka yi wa aiki ragguwa ce. Ba haka ba ne. An ɗauke ɗa ne ta wata ƙofa domin kada ya bi ta inda cutar take. In faya ta fashe, kada a zauna jiran naƙuda ta yi ƙarfi, a kama hanya nan da nan, gama daɗewa yana ba ƙwayar damar hawa wurin ɗa.

A nan ne matsalarmu take. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi mata 15 ne kawai cikin 100 suka yi awo wurin ma'aikacin lafiya, 7 cikin 100 kuma suka haihu a asibiti. A lokacin, mu ne na ƙarshe a Najeriya. Macen da ba ta zo awo ba, wa zai san ranar da ta kai mako na 36? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo sau 8, ɗaya daga cikinsu kuma ya faɗo daidai a mako na 36.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke yin tiyata ba. Akwai babban asibitin Argungu. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya wanda muka saba kira FMC. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun a wurin awo ku tambaya ina za a tura ku in bukata ta taso. Ku kuma tuna da damina. Mun ga yadda Gulbin Rima ya yi ambaliya a 2010 da 2020, hanyoyi suka yanke, sai da kwalekwale. Macen da watan haihuwarta ya faɗo a Agusta ko Satumba, in tana da wannan ciwo, gara ta koma wurin dangi a cikin gari tun wata na tara ya kama.

Kwana arba'in na jego

Ciwon yakan bayyana ga jariri daga kwanakin farko har zuwa mako 6, watau kusan tsawon kwanakin jego. A garzaya asibiti a ranar, ba washegari ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• ƙuraje masu ruwa a kai, fuska, baki, ko ko'ina a jiki
• ido ya yi ja yana ruwa
• ya ƙi nono, ko barci ya yi yawa har ba ya farkawa ya sha
• jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau
• numfashi da sauri, ko jijjiga
• ido da jiki sun yi rawaya

Da yawa cikin jariran da ciwon ya shiga musu ƙwaƙwalwa ko hanta ba sa nuna ƙurji ko ɗaya, saboda haka kada a jira ganin ƙurji. Uwa ta gaya wa likita cewa tana da hapis, wannan kalma ɗaya tana iya ceton ran ɗanta. Maganin jariri shi ne asikulobir ta jijiya, a kwance a asibiti, kwana 14 zuwa 21. Ba a yin sa a gida.

Uwa ta ci gaba da ba da nono, sai dai in ƙurjin a kan nonon yake. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki ɗa. Ranar suna kuma, duk mai ƙurji a leɓe, ko kaka ce, ko goggo, ko uban da kansa, kada ya sumbaci jariri. Iyayena, ku taimake mu a nan, domin amarya ba za ta iya hana uwar mijinta ba, amma ku za ku iya.

Ga mazaje

Rigakafi mafi girma yana hannunku. Haɗarin da ya fi kowane shi ne mace ta kamu a ƙarshen ciki. In ka san irin ƙurajen nan sukan fito maka, matarka kuwa ba ta taɓa yi ba, ka faɗa mata, ku zo tare mu yi magana. Ku haƙura da saduwa a watanni ukun ƙarshe. Kwaroron roba yana ragewa, amma bai rufe ko'ina ba. In ƙurjin a leɓenka yake, kada bakinka ya kusanci gabanta. Riƙon amanar aure kuwa, a wannan lokaci ya zama maganar ran ɗanka. Ka ba ta izinin zuwa awo, ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta.

Ga ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata tana iya ajiye ɗan asusu domin kuɗin magani da na mota, wadda ta ara ta mayar bayan girbin shinkafa. A san mai mota ko mai babur da za a iya tasa da tsakar dare. A zaɓi mace ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, waɗanda yarinya za ta iya gaya wa abin da ba za ta iya gaya wa surukarta ba. Ungozomomin gida kuma, iyayenmu ne, muna girmama ku. In kun ga miki a gaban mai naƙuda, ku rako ta wurinmu. Abin da aka ji a ɗakin haihuwa kuma, kada ya fita zuwa bakin rijiya.

Da na gaya wa yarinyar nan zan riƙa ba da labarinta ba tare da suna ba, ta ce, "Mama, ki faɗa. Da na ji wannan tun farko, da yanzu 'ya'yana biyu." To, ku kun ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu. 

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, wa mace za ta iya gaya wa in ta ga ƙuraje a gabanta? Me ke hana ta faɗi?
2. Masu ciki nawa ne a cikinmu yanzu, nawa ne kuma suke da katin awo?
3. In aka ce a kai mai naƙuda Argungu ko Birnin Kebbi yau da dare, da me za mu kai ta, wa zai biya?
4. Yaya za mu gaya wa baƙi ranar suna kada mai ƙurji a leɓe ya sumbaci jariri, ba tare da an ɓata wa kowa rai ba?